Hotuna Biyu na Gabas

Litinin, 8 ga Afrilu 1974, bayan La'asar

Hotuna sun dawo daga Kano. Ubale mai wankin hoto ya aiko su ta hannun direban motar kasuwa, ya rubuta a bayan ambulan wai in daina aiko masa fim da yashi a ciki. Guda goma sha ɗaya ne, na rijiyar da ke bayan Sule Tankarkar, inda abokina Manu ya kafa rugarsa a gonar wani manomi, Barau. Na jera su a tabarma daga yamma zuwa gabas, suka haɗu kamar ɗinkin gwani.

Shekara uku ke nan da na sayi kyamarar nan a hannun wani malami Ba'indiye da zai bar Gumel, ban taɓa samun dogon hoto irin wannan ba. Wanda na fara yi a kasuwar Gagarawa, sama ta fito dabbare-dabbare, don kowane ɗauka sai na taɓa ƙofar haske. Yanzu na gane a wuri ɗaya ake barin ta. Murfin gwangwanin da na ɗaura a kan ƙafa-ukun da nake ɗora kyamara na zana masa layuka da ƙusa, shi ma ya yi aiki: kowane juyi layi ɗaya, kowane hoto ya ci sulusin na bayansa. Kwalbar allurar da na cika da ruwa na bar mata kumfa ɗaya ita ta hana ƙasa karkacewa.

Matata Talatu ta leƙo daga madafa, ta ga jakin Barau ya fito sau biyu saboda ya bi kyamarar ina juya ta, ta yi ta dariya. Ta tambaya ko zan kai wa Manu ya gani. Na ce sai na haɗa tukuna.

Manu dai tara ya sani.

Talata, 9 ga Afrilu, da hantsi

Na yanka su da reza na manna a kwali. Da farko tara na manna, na jingina shi da bango na ja da baya. Gawon da ke gabas da rijiya ya tsaya rabi, kamar maganar da aka katse. Na daɗe ina kallo, sannan na ɗauko sauran biyun na shafa musu gam.

Tsawonsa ya kai kamu uku. Na ce a raina a ɗaki zai zauna, ba mai ganinsa sai ni.

Laraba, 10 ga Afrilu, bayan Azahar

Na kai shi ofis.

Hussaini abokin aikina kawai na so in nuna wa, don kullum yana cewa malamin dabbobi da wasan hoto ɓata lokaci ne. Muna cikin kallo shugabanmu ya shigo. Ya yaba ƙwarai, ya ce ko a Kaduna bai ga irinsa ba. Ya bi shi da yatsa tun daga bukkoki, ya wuce mata masu jan wasaki, ya wuce komin shayar da shanu, har ya kai ƙarshe. Nan yatsan ya tsaya. Ya ce shi a saninsa shanun Manu farare ne duka, shi ya tsaya aka yi musu allura bara. To waɗannan jajayen masu dogon ƙaho da ke kwance bayan gawo na wane ne?

Na ce ban sani ba. Ya dube ni, ya ce in bar masa hoton.

Alhamis, 11 ga Afrilu, da asuba

Layi biyu ne kawai na ƙara juyawa a kan murfin gwangwani.

Asabar, 13 ga Afrilu, bayan La'asar

Gara in rubuta yadda aka yi, ko na samu in ci abinci.

Jajayen na Cindo ne, yayan Fadimatu matar Manu. Daga ƙasar Damagaram ya gangaro, farin nan ya cinye masa fiye da rabin garke, ya tsira da arba'in da uku. Bai bi ta Maigatari ba, ta daji ya ƙetaro, don ya ji ana tsare shanun da ba su da takardar allurar ciwon huhu, kuma ya san nasa ba za su jure tsayuwa ba. Manu ya ɓoye shi a kwarin da ke bayan gawo, inda akwai ɗan sauran kara. Ni kaɗai ya gaya wa. Ya roƙe ni in duba su, na duba su ɗaya bayan ɗaya, ba mai tari. Na yi alkawarin in allura ta iso daga Kano zan zo in yi musu ba tare da surutu ba.

Ranar da na kafa ƙafa-uku a bakin rijiya, Manu ya tsaya kusa da ni yana kallon yadda nake juyawa. Da na kai na tara ya dafa kafaɗata.

"Haladu, nan ya isa. Kada ka juya shi gabas."

Na ce to. Aka kira shi wajen komi, wani sa ya karya layi. Ya juya baya, rana tana bayana daidai, haske bai canza ba, fim da saura. Na ce a raina daga nesa ne, ba za su fito ba sai ɗigo-ɗigo.

Sun fito har da ƙahonni.

Litinin, 15 ga Afrilu, da hantsi

Takarda ta fito. A kora shanun zuwa Maigatari, a tsare su a bayan kara, inda ake killace dabbobi, har likita ya zo ya gwada su. Shugabanmu ya ce ni zan kai, tunda ni na san wurin. Na ce zazzaɓi nake ji. Ya tura Hussaini.

Na dawo gida na kwanta na lulluɓa. Talatu ta taɓa goshina, ta koma tankaɗenta.

Laraba, 17 ga Afrilu, bayan Magariba

Hussaini ya ce kwana biyu suka yi a hanya. Uku sun kwanta kafin a kai, biyu aka yanka, ɗaya ba a samu wuƙa a kanta ba. Ya ce Cindo bai yi gardama ba ko kaɗan, sai dai ya tambaya ko akwai ruwa inda za a kai su.

Shugabanmu ya buga hoton a bangon ofishinsa da ƙusa huɗu. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa. Ba ya gaya wa kowa abin da ya gani a ciki, wannan kam ya rufa. Na so a ce mugun mutum ne, da na samu inda zan jingina. Amma shi ya ga abin da huhu ya yi wa garkunan ƙasar nan da idonsa, kuma aikinsa ya yi.

Asabar, 20 ga Afrilu, bayan La'asar

Na hau babur na je wajen Manu. Tun daga Gumel nake shirya maganar a bakina, har na san inda zan fara.

Ya tarye ni tun daga nesa, ya riƙe kan babur, ya ce ya ji ba ni da lafiya. Hussaini ya gaya masa na ƙi kawo takardar, Manu ya ce shi ya san ba zan iya ba, aboki ba ya kawo wa abokinsa irin wannan. Fadimatu ta kawo mini kindirmo a 'yar ƙwarya, abin da bai fi su sha su kaɗai ba, idanunta a kumbure.

Sannan Manu ya ce ya san wanda ya kai rahotonsu. Barau ne. Sati biyu da suka wuce sun yi sa-in-sa a bakin rijiya kan wa zai fara shayarwa, Barau ya ce ruwan bai isa baƙin shanu ba, kuma an ga Barau ya tafi Gumel ranar Talata. Ya ce shekara goma sha biyu yana sauka a gonar mutumin nan da rani, shanunsa na zuba masa taki, ashe maciji yake kwana da shi.

Na ce a dai yi bincike, zato zunubi ne. Abin da na ce ke nan. Na shanye kindirmon.

Lahadi, 21 ga Afrilu, da safe

Na goge gilashin kyamara na mayar da ita cikin akwati. Ƙafa-uku na tura ƙarƙashin gado.

Alhamis, 25 ga Afrilu, bayan Magariba

Ranar kasuwar Maigatari. Na sayi dusa buhu biyu na ɗora wa amalanke zuwa bayan kara.

Wurin fili ne fetal, ba kara ba inuwa, shanun mutane da yawa a tsare. Na sami Cindo zaune a gindin wata saniya da ta kasa tashi, ya kafa sandarsa ya rataya mayafinsa don ya tare mata rana. Ban taɓa ganin mutum mai tsawonsa ya naɗe ya zama ƙarami haka ba. Ya ce saura talatin da huɗu. Ruwa sai an saya, mahauta kuma suna zagayawa suna jira. Ya ce da ya sani da ya tsaya a gida wajen 'yan kwastan na duwan da jandarma, ko ba komai su ya san harshensu.

Da ya ga dusar ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu. Ya yi mini addu'a mai tsawo, ya haɗa da iyayena da 'ya'yan da ban haifa ba tukuna. Na tsaya ina cewa amin.

Likita bai zo ba. An ce sati mai zuwa.

Juma'a, 26 ga Afrilu, bayan an sauko

Ba hadari.

Litinin, 29 ga Afrilu, bayan Azahar

Manu ya tashi daga gonar Barau. Ya kwashe bukkoki ya koma wani fako can arewa da rijiya. A gaban Bulama, mai garin, ya ce ko shanunsa za su mutu ba za su ƙara taka gonar ba. Sauran Fulanin wurin ma sun daina kai nono gidan Barau, yaransu ba sa gaishe shi.

Hussaini ne ya kawo labarin, yana ba ni yana kallon takardun da ke gabansa. Shi ya san komai, yana wurin lokacin da yatsa ya tsaya. Bai taɓa ce mini uffan ba, kuma ya daina tsokanata da maganar hoto.

Laraba, 1 ga Mayu, da hantsi

Talatu ta tambaye ni jiya ina dogon hoton nan. Na ce yana ofis. Ta ce tun ranar da ya bar gidan nan ban gama tuwona ba, kuma ita ba ta taɓa ganin zazzaɓin da ba ya ɗumama goshi ba. Na gaya mata. Duka na gaya mata, har da dafa kafaɗa.

Ta daɗe tana tsince wake. Sannan ta ce, "Malam, shanun Cindo kam ba ka da ikon tayar da su. Amma Barau da ransa."

Na ce ina jiran lokacin da ya dace. Ta ce to.

Asabar, 4 ga Mayu, bayan La'asar

Barau ya zo har gida. A ƙasa ya tako daga Sule Tankarkar, ya ce jakin ba shi da ƙarfin ɗaukar mutum. Dattijo ne, ya kusa sa'an babana, amma ya ƙi hawa tabarma sai da na matsa.

Ya ce gaskiya ne ya yi faɗa da Manu, kuma gaskiya ne ya zo Gumel ranar Talata, amma asibiti ya kawo matarsa Safara'u. Ya ce gonar tasa jigawa ce, in ba taki ko an yi ruwa ba abin da za ta ba shi, ga shi bara ba a girbe komai ba. Amma ba wannan ya kawo shi ba. Abin da ya kawo shi, jikarsa ta dawo daga rijiya tana kuka an ce mata jikar ɗan rahoto.

"Malam Haladu, kai kana cikin ofishin. Ka san wanda ya faɗa. Ba na ce ka tona kowa ba, ka dai gaya wa Manu ba ni ba ne. Zai yarda da kai."

Na ce zan duba. Na sa Talatu ta zuba masa gero a ɗan buhu. Ya ƙi karɓa, ya ce ba roƙo ya zo ba. Na raka shi har bakin hanya.

Talatu ba ta yi mini magana ba har yanzu.

Lahadi, 5 ga Mayu, da asuba

Zan duba. Haka na ce wa dattijo.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan Magariba

Likita ya zo jiya ya gwada. Ba huhu, ko ɗaya. An yi musu allura an ba Cindo takarda. Saura goma sha bakwai, cikinsu biyar sai an ɗaga su da itace.

Na yi ta gaya wa kaina da ma can ramammu ne, ko a bayan gawo da wasu sun mutu. Wataƙila haka ne. Amma ni na duba su, na san waɗanda da sun kai damina.

Litinin, 13 ga Mayu, bayan Azahar

Na shiga wajen shugabanmu na ce ina son hotona. Ya ce da ma yana shirin aika shi Kano a nuna a taron manoma, da sunana a ƙasa. Na ce a'a. Ya tambayi dalili, na faɗa masa, har da cewa na san da shanun tun farko na ɓoye masa. Ya ce wannan laifi ne a aiki kuma zai rubuta shi, da a ce na zo masa tun farko, da ya nemo allura ko daga Haɗeja ne an yi musu a inda suke. Ban taɓa tunanin haka ba. Ko sau ɗaya ban yi tunanin in tambaye shi ba.

Ya ciro ƙusoshin da kansa ya miƙo mini.

Laraba, 15 ga Mayu, bayan La'asar

Na tafi da sassafe, hoton a naɗe cikin zane a bayan babur. Cindo ya dawo da abin da ya rage, suna fakon tare da Manu. Na same su su biyu a inuwar bukka.

Ban zauna ba. Na warware kwalin a ƙasa na danne gefunansa da takalmana, na nuna wa Manu inda na tara ya ƙare, na nuna masa biyun da ke bayansa. Na ce lokacin da ka tafi wajen komi na ɗauka, ni na kai ofis, Barau bai san komai ba. Duk maganar da na shirya ta sati huɗu, abin da ya fito ke nan.

Manu bai dubi hoton ba, ni ya duba. Ya tambaye ni ranar da na zo na sha kindirmo na riga na sani? Na ce na sani. Ya tambaya ranar da ya tsaya gaban Bulama fa? Na ce na ji labari. Ya tashi ya shiga cikin shanunsa.

Cindo ne ya matso. Ya durƙusa a kan hoton, bai taɓa ganin hoto kusa haka ba, ya rasa ta inda zai fara, sai da na nuna masa gawon. Ya sa ɗan yatsa a hankali. Ya ce wannan Wule ce, a hanya ta kwanta. Wannan Saye, uwarsa ce ta ba shi kakarta. Wannan ta mutu da ciki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba a ganin komai nasu sai ƙaho, yana faɗin sunan kowace da ranar da ta faɗi. Fadimatu tana tsaye a bayanmu ta rufe bakinta da gefen zane.

Da ya gama ya tambaya ko za a iya yanke masa wannan gefen. Na ciro reza daga aljihu na yanke masa biyun. Ya sa a cikin rigarsa. Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba.

Zan tayar da babur Manu ya aiko Fadimatu ta ce jibi bayan sallar Juma'a in same shi a ƙofar Bulama.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan Magariba

Mutane sun fi talatin. Manu ya ce shi a gaban jama'a ya ɓata Barau, don haka a gaban jama'a za a wanke shi, amma ba shi zai fara magana ba. Na miƙe na faɗa. Wani ya tambaya yaya hoto zai kai rahoto, sai da na yi bayanin yadda ake juya kyamara ana haɗawa, ina jin muryata tana bayanin sulusi da layuka a gaban mutanen da shanunsu ke mutuwa.

Manu ya cire hularsa ya durƙusa gaban Barau ya nemi gafara. Barau ya ɗaga shi, ya ce ya wuce. Da na matsa ni ma, ya ce ya yafe mini hoton, don kuskure ne irin na ɗan Adam. Amma ranar da ya tako Gumel a ƙasa na dube shi na ce zan duba, wannan sai ya ƙara kwana tukuna. Bulama ya ce a shafa fatiha.

Laraba, 22 ga Mayu, da hantsi

An yi ruwan farko shekaranjiya, ya jiƙa ƙasa kamu ɗaya. An fara shuka. Takardar mayar da ni Gagarawa ta fito, farkon wata zan koma. Talatu ta fara ɗaure kaya.

Asabar, 25 ga Mayu, bayan La'asar

Na je sallama. Cindo ya riga ya yi arewa da goma sha huɗu, ya ce in an yi ruwa a nan to can ma ana sa rai. Manu bai samu komawa gonar Barau ba, shuka ta riga shi. Na tarar da shi da Fadimatu suna kwasar busasshen taki daga fako a cikin mangala, suna ɗora wa jakin Barau, Barau na bi yana zubawa a gindin shuka da hannu. A haka ba za su rufe ko rubu'in gonar ba.

Na kashe babur a bakin hanya na yi sallama. Na ce ko in kama musu. Barau ya nuna mini wata tsohuwar ƙwarya, na tuɓe takalmi na shiga. Mun yi aiki har rana ta karkata.

Da zan tafi na gaya wa Manu an mayar da ni Gagarawa. Ya goge hannunsa a riga ya miƙo mini. Shekara shida yana kirana Haladu, tun ranar da na fara zuwa rugarsa da akwatin allura.

Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam."